Ni da motona a rairan Dallol: daga Dumega zuwa Tibiri ta hanyar daji

 

Tun ranar da na shigo taron rabon akwati bisa moto, ni kaɗai ba ɗan kabu-kabu a gabana, tambaya ba ta ƙare ba. Wata ta ce nawa na saye shi, wata ta ce mi maigidana ya ce, wata kuma ta ja ni gefe ta ce, "Yaya, don Allah ba ki jin tsoro?" Shi ya sa na ce bari in rubuta a wannan takarda tamu, wadda ta iya karatu ta karanta ma wadda ba ta iya ba, kowa ta ji daga bakina.

Zan fara da gaskiyar da na daɗe ina ɓoyewa. Da bukata na fara hawan moto, amma yanzu ba bukata kaɗai ke fitar da ni ba. Akwai ranar da ba ni da aike, ba ni da kasuwa, in na gama aikin gida sai in tada shi in shiga daji don jin daɗi kurum. An ce a Turai mutane na kashe kuɗi masu yawa don su bar kwalta su je neman rairai da tudu da laka, su tuƙa moto a ciki. Mu nan Dumega ba sai mun je nema ba, a bakin ƙofa abin yake.

Yadda abin ya faro

Ni ce magatakardar ƙungiyarmu, kuma ina taimaka ma ƙungiyoyi uku na ƙauyukan da ke kewaye da mu wajen rubutun littafin zubi. Kowane sati sai na biya kabu-kabu zuwa da dawowa. Kuɗin ba shi ne ya fi ci mini rai ba, jira ne. Yaro zai ce miki yana zuwa bayan azahar, sai la'asar sakaliya ki gan shi, mata can sun gaji sun watse. Wata rana na kwana a wani ƙauye ba shiri, don wanda ya kai ni ya samu fasinja mai tsoka ya manta da ni.

Ƙanena yana da tsohon Kasea da ya so ya sayar zai tafi cin rani. Ya ce jika 180. Ina da jika 100 na awaki biyu da na sayar da rabona na bara. Saura jika 80, kuma babu inda zan same su sai akwatinmu.

Kafin akwati akwai maigida. Na bari ya ci tuwo ya sha ruwa, sannan na ce, "Malam, ina da magana." Da ya ji, ya yi shiru har na ɗauka ya yi barci. Can ya ce, "To, in kin hwaɗi kin karye, wa za shi riƙe gidan ga?" Na ce, "Malam, ko a bayan yaran nan ana faɗuwa, kuma su ba su jin maganata in na ce su rage gudu." Ya yi dariya ya ce gaskiya ne. Ya ba ni sharaɗi uku: ba tafiyar dare, ba hawa sai da hular kwano, kuma duk inda za ni sai ya sani. Har yau ban karya ko ɗaya ba.

A taron ƙungiya ne aka sha muhawara. Mu 25 ne, kowa na zuba dala ɗari a sati. Ku lissafa: jika 80 ya fi zubin mu duka na sati shida. Wata dattijuwa, wadda nake girmamawa ƙwarai, ta ce, "Ɗiyata, bashin asusu na sana'a ne. Akuya na haihuwa, buhun gujiya na zama mai da ƙuli-ƙuli. Wanga ƙarhe mi za shi haihwa?" Ban ji haushinta ba, don kuɗinta na ciki, kuma akwai mata biyu da ke jiran bashi a layi. Na buɗe littafina na nuna musu abin da nake ba kabu-kabu a wata, da yadda zan kai man gujiya kasuwanni da kaina. Anka jefa ƙuri'a, anka ba ni da rinjaye ɗan kaɗan, wa'adin wata huɗu.

A ranar na tuna cewa wannan tsari namu na Mata Masu Dubara, da aka fara a jahar Maraɗi a 1991 tare da ƙungiyar CARE, har ya bazu ƙasashe da dama, ba a kan kuɗi ya tsaya ba, a kan amana ya tsaya. Daga ranar, duk faɗuwar da na yi, ba ƙafata kaɗai nake tunani ba, har da jika 80 na mata 24.

Koyo a gonar da anka girbe

Ƙanena ya koya mini kafin ya tafi. Bayan kaka ne, an kwashe hatsi, sai kututturan kara. Da sassafe muke fita, kafin gari ya cika da ido. Kwana uku na farko abu ɗaya na koya: sakin kuloci a hankali. In kin sake shi da ƙarfi, moto ya zabura ya mutu, ko ya tafi ya bar ki zaune a ƙasa. Ƙanena ya ce, "Yaya, ki sake shi kamar kina zuba gari a tukunyar talge." Daga nan na gane.

Na faɗi sau da yawa, amma faɗuwa ɗaya ce nake so ku ji da kyau. A sati na biyu na hau da zane kamar yadda na saba. Bakin zanen ya sauka, sarƙa ta kama shi ta naɗe, kafin in ankara ta fizge ni ƙasa. Ba gudu nake ba, da Allah ya taimake ni. Amma moton ya kwanta bisa ƙafata, salansa mai zafi ta manne mini a ƙwauri. Tabon na nan, duk mai son gani ta zo in nuna mata.

A asibiti ma'aikaciyar ta tambaye ni mi na shafa. Na ce man shanu. Ta ce kuskure ne: ƙuna ruwa mai sanyi mai tsabta take so, a yi ta zubawa kamar minti 20, ba mai ba, ba toka ba, ba man goge baki ba, sannan a rufe da tsumma mai tsabta a zo asibiti. Wannan darasi ya shafi har mai girki da ba ta taɓa hawan moto ba.

Tun daga ranar nake sa wando mai kauri ƙarƙashin riga, in ɗaure zane sama da idon sawu in cusa bakinsa, hijabi kuma gajere, in tura shi cikin rigar sanyi. Sutura ta cika, kuma babu abin da ke lilo kusa da taya. Ko a baya anka goya ku, ku tattara zane da gyale ku riƙe a cinya. Silifas ma na bari, sai takalmi rufaffe.

Ranar da na bar babbar hanya

Wadda ba ƴar nan ba ce, bari in gaya mata inda muke. Dumega na cikin Dallol Mawri, wato tsohon kwarin kogin da ya daina gudu tun zamanin da ba wanda ya gani. Kalmar dallol ta Fulatanci ce, kwari take nufi. Ya gangaro daga arewa, ya bi ta Matankari da Dogon Dutsi, ya ratsa ƙasarmu ya yi kudu har ya kai kogin Kwara a wajen Gaya. Gabas da mu Najeriya ce, jahar Kabi. Da muna ƙarƙashin Dutsi, amma tun 2011 Tibiri ta zama gunduma mai kanta, mu kuma muna cikinta. Kuma Tibirinmu ta Samna nake nufi, ba Tibirin Gobir da ke kusa da Maraɗi ba.

Akwai babbar hanya da ta haɗa mu da Geceme ta kudu, da Tibiri da Kore Mairuwa ta arewa, inda ake hawa kwaltar Yamai zuwa Dutsi da Ƙonni. Ita kowa ke bi. Amma wata ranar kasuwar Tibiri, cikin watan Disamba, na ce ma Malam yau ta hanyar amalanke za ni bi, ta cikin fadama da ƙauyuka. Ya dube ni ya ce, "Ki ɗauki ruwa da yawa." Na ɗaure jarkar man gujiya a baya da igiyar roba, na sa buta biyu ta ruwa, da famfon iska, da buji sabo, na yi bismilla.

Sanyi na cizo, hazo ya rufe giginyu sai kawunansu. Da na fita gari na gangara fadama, ƙasa baƙa ce mai tauri, moto na tafiya kamar bisa tabarma. Nan ne arzikin Dallol yake. Ruwa ba shi da nisa a ƙasa, mutum ya gina kaɗan ya tarar da shi. Ga rake tsaye ya fi mutum tsawo, ga rogo, ga dankali, ga garake an kewaye su da ƙaya, an shuka albasa da tumatir da salati. Mata na ban ruwa da ƙwarya da bokiti. Shekara nawa ina wuce wurin nan a bayan kabu-kabu, amma ban taɓa ganinsa ba sai ranar, don a baya ƙeyar yaro kurum nake kallo ina addu'a. Yau kuwa in na ga abu na tsaya. Na tsaya na sayi rake sanda biyu hannun wani dattijo, ya dubi moton ya dube ni, ya ce, "Hajiya, ina direban?" Na ce, "Baba, ga ta gabanka." Ya ƙara mini sanda ɗaya kyauta.

Bayan fadama sai jigawa, kuma nan aikin yake. Rairai ne fari mai zurfi, amalanken shanu sun tona shi layi biyu. Duk wadda ta taɓa hawa moto a ƙasar nan ta san yadda gaba ke rawa in an shiga irinsa. Abin da zuciya ke gaya miki a lokacin shi ne ki saki totur ki damƙe birki. To shi ne ke kada mutane. In kin rage wuta ko kin kama birkin gaba, nauyi duka ya koma bisa tayar gaba, ta nutse cikin rairai, kan moto ya karkace, sai ƙasa.

Ga abin da na koya da jikina. Tun kafin ki shiga, ki sa giya ta biyu. Ki ja jiki baya kaɗan bisa sirdi don gaba ya yi sauƙi. Ki riƙe totur daidai, ba ƙari ba ragi. Ki matse tanki da gwiwoyi, amma hannu ki sassauta, ki bar kan moton ya yi ƴar rawarsa, zai daidaita da kansa. Ki zaɓi layi ɗaya na amalanke ki zauna cikinsa, kada ki yi ta tsallake daga wannan zuwa wancan. Babba duka, kada ki kalli tayar gaba. Ki kalli can nesa inda kike so ki je, don inda ido ya tafi nan moto ke bi. In kin zuba ma kututture ido, to shi za ki doka.

Wasu kan rage iskar taya kaɗan don ta shimfiɗu bisa rairai, kuma yana taimako. Amma kada a rage da yawa, don in kin hau dutse ƙarfen taya zai cije tub ya huda shi. Shi ya sa nake yawo da famfo. Kuma rairan safe ya fi na rana daɗin bi, in rana ta take sai ya saki kamar gari.

Duk da wannan wa'azi nawa, na kafe sau biyu. Na biyun tayar baya ta tona rami ta zauna ciki. In haka ta faru kada ki yi ta murza totur, ƙara binne kanki kike. Na sauka, na kwance jarka, na kwantar da moton gefe, na tura rairai cikin ramin da ƙafa, na tada shi, na kama giya ta ɗaya ina tafiya a gefensa har munka fita. Na zauna ƙarƙashin wani gawo ina haki. Injin ma hutu yake so, don irin motocinmu iska ce ke sanyaya su, kuma tafiyar rairai a hankali na dafa su. Gawo kuwa, kun san halinsa, da damina ya zubar da ganye, da rani ya yi kore. Inuwarsa ta yi mini rana a Disamba.

Bakin rijiya da bisa tudu

Gaba kaɗan na iske mata a bakin rijiya. Na kashe moto tun daga nesa, don akwai shanu na shan ruwa, kuma dabba ba a yi mata oda, a hankali ake wuce ta. Da na tuɓe hula sunka ga ɗan kwali, sai guga ya tsaya. Wata tsohuwa ta matso ta ce, "Ke ɗiyar wa ce? Daga Yamai kike? Ta gwamnati ce ke?" Na ce, "A'a Inna, ta Dumega ce, mai man gujiya." Ta riƙe baki. Ta ce, "Mijinki shina da rai?" Mata sunka fashe da dariya. Na ce yana nan lafiya lau, shi ma ya ce in ɗauko ruwa da yawa.

Sai ta daina dariya. Ta ce bara jikarta ta yi zazzaɓi da dare, maza duk sun tafi cin rani, akwai moto a zaure an rufe shi da buhu, makulli na rataye, amma gidan babu wanda ya iya tada shi. Sai da gari ya waye sunka samu amalanke. Yarinyar ta rayu, amma ta ce daren nan ba ta manta shi. Ban ce komi ba. Kowaccenmu ta san gida irin wannan, daga kaka zuwa faɗuwar ruwa moto na barci a zaure, mata da yara na tafiya ƙasa.

Daga nan na karkata na hau tudun da ke gefen kwarin. Nan ƙasa ta sake, jan dutse ne da tsakuwa, sai sabara da geza. Hawa na son a taho da ɗan ƙarfi tun daga ƙasa, a jingina jiki gaba, kada a sake giya a tsakiya. Da na kai bisa na kashe inji, sai shiru. Hazo ya ɗaga. Dallol duka na shimfiɗe ƙasa gare ni: koren fadama kamar an ja zare, farin rairai gefe da gefe, giginyu da goruba jere, rumbunan ƙauyuka cike da hatsin bana, hayaƙin girki na tashi. Shekaruna sun wuce 40, a kwarin nan anka haife ni, a nan na yi aure na haihu, amma ban taɓa ganin kamanninsa ba sai ranar. Na zauna na sha rake ni kaɗai, ba mai kirana, ba mai jirana da kwano. Ƴan uwa, kun san a rayuwarmu irin wannan zama ba shi da yawa.

Saukowa ta fi hawa wuya. Giya ta ɗaya, kada a damƙe kuloci a bar moto ya sulala, a bar inji ya riƙe shi, a dinga taɓa birkin baya sannu-sannu. Na sauko lafiya, amma ƙayar aduwa ta jira ni a ƙasa. Tayar baya ta sace. Na bi ta da famfo sau uku, ina busawa ina tafiya, har na kai wani ƙauye mai mai faci. Yaron ya ciro ƙayar ya nuna mini, tsawonta kamar allura. Na tsuguna ina kallon yadda yake cire tub, ya nutsa shi a ruwa ya nemo kumfa, ya kankare, ya shafa gam. Ya ce, "Gwaggo, so kike ki ƙwace mini sana'a?" Na ce so nake in daina tura moto. Yanzu na iya, kayan facina na cikin jaka.

Na shiga Tibiri rana ta yi tsaka, ƙura har gira. Ta babbar hanya da tuni na sayar na koma. Man ya ƙare kafin la'asar, na sayi gujiya tiya biyar, na kama babbar hanya na iso gida rana ba ta faɗi ba. Malam na zaune ƙofar gida yana yi kamar ba jirana yake ba.

Ashe ba ni ce farau ba

Ɗiyata da ke lise a Dutsi ce ta karanto mini labarin wasu matan Ingila biyu, Theresa Wallach da Florence Blenkiron. Sun bar Landan ranar 11 ga Disamba 1934 bisa moto mai akwati a gefe, yana jan ƴar tirela. Sunka ƙetare hamada, injinsu ya lalace kafin Agadas, sunka gyara a can, sunka bi ta Kano, har sunka kai ƙarshen Afirka ta Kudu a watan Yuli 1935. A lokacin kakata na yarinya.

Manyanmu kuma sun tuna tseren Pari zuwa Dakar da ake ji a rediyo. Wani Bafaranshe, Thierry Sabine, ya fara shi a Disamba 1978, kuma tun karon farko ya bi ta Agadas da Yamai, da mata cikin masu moto. A 2001 wata Bajamusa, Jutta Kleinschmidt, wadda da moto ta fara, ta ci tseren gaba ɗaya da mota. A 2015 Laia Sanz ta ƙasar Sifen ta zo ta tara cikin masu moto duka, maza da mata. Tun 2020 a Saudiyya ake yinsa. Amma tseren nan ya kashe mutane a ƙauyukan da ya ratsa a Afirka, har da yara. Don haka ni ba tsere nake ba. In na shigo gari giya ta biyu ce, don ɗan da zai ɓullo daga lungu yana bin akuya nawa ne ko naki.

Abin da ba a wasa da shi

Na ɗaya, hular kwano. Hukumar lafiya ta duniya ta ce hula mai kyau da aka ɗaure daidai na rage haɗarin mutuwa da kusan kashi 40 cikin 100, raunin kai kuma da kusan kashi 70. A ɗaure igiyar haɓa, don hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi. Ki gwada ta bisa ɗan kwalinki kafin ki biya.

Na biyu, takardu. Permi da takardun moto da inshora su zama cikin jaka. Ba mu cikin zamanin da, kun san halin da ake ciki a bakin iyaka. Saboda masu ɗauke da makamai na amfani da moto, hukuma ta hana hawansa a jahar Difa a 2015, ta kuma hana a sassan Tilaberi a farkon 2020. Don haka kafin in fita nakan tambayi maigari da masu kabu-kabu labarin hanya. Inda anka ce kada a bi, ba na bi. In na ga jami'an tsaro na rage gudu tun daga nesa, na tsaya, na buɗe fuska. Ranar da hukuma ta ce a aje moto, zan aje nawa ba gardama. Yawon shan iska bai kai rai ba.

Na uku, damina. In ƙorama na gudu kada ki shiga, ko kin ga namiji ya shiga. Ki jira ruwa ya janye. In kwance yake, ki sauka ki taka da sanda ki ji zurfinsa. Laka kuma ta fi rairai mugunta, don ba ta gargaɗi.

Na huɗu, kula da ƙarfen. Ƙurar ƙasarmu ita ke cin inji. Soson tace iska a wanke shi a kai a kai, a sake baƙin mai kan lokaci, a duba sarƙa kada ta yi sako-sako. Man kwalba na bakin hanya a tace shi da tsumma. Kuma a sa kuɗinsa cikin lissafi, don tun da Najeriya ta janye tallafin mai a watan Mayu 2023 kwalba ba ta koma yadda munka san ta ba.

Lissafin akwati

Yanzu ga abin da ya fi shafar ku. Na biya bashin? Na biya, amma ba yadda na yi alkawari ba. Faɗuwar da na yi da zane ta ci mini kuɗin magani da gyaran fitila da madubi, kuma sati biyu ban soya ƙuli-ƙuli ba. Wata na biyu na zo taro hannu rabi. Na tashi gaban mata na faɗi gaskiya, na biya tara kamar kowa, duk da ni ke riƙe da littafi. Saboda jinkirina, wata ƴar uwa da ke jiran bashin sayen gujiya ta jira har farashi ya hau. Na je har ɗakinta na ba ta haƙuri. Ta yafe, amma ni ban manta ba. A wata na biyar na cika, ba na huɗu ba.

Don haka in wata ta ce za ta bi sawuna, shawarata ita ce kada ta ci bashin da ya kai nawa. Ta tara mafi yawa da kanta, ta aje wani abu gefe don gyara da magani, don faɗuwa dole ce ga mai koyo. Kuma ba sai kin saya ba kafin ki iya. Moton da ke zaure ya isa koyo, in mai shi ya yarda.

Maganar mutane kuwa, an yi ta. An ce na zama namiji, an ce Malam ba shi da ta cewa a gidansa. Wannan ta biyun ta yi mini zafi, don shi anka taɓa. Da na gaya mishi ya ce, "Su nawa cikinsu sunka taɓa biya miki kabu-kabu?" Dattijuwar nan da ta ce ƙarfe ba ya haihuwa har yau ba ta sake ra'ayi ba a kan bashin, kuma tana da hujjarta. Amma ranar da ƙafarta ta kumbura, ni ta aiko a kira. Na goya ta zuwa asibiti, ta riƙe ni tamau tana salati, tana cewa, "Sannu dai ɗiyata, sannu ba ta hana zuwa."

Burina na gaba, in Allah ya ba mu zaman lafiya kuma Malam ya yarda, in kai Lugu, can gaba da Dutsi, garin Sarauniyar da ta tsaya ma sojan Faransa a 1899. Tun muna yara muke jin sunanta, ban taɓa taka garin ba.

Kafin nan, mata uku sun riga sun ce in koya musu, cikinsu har da jikar wata da ta fi kowa yi mini dariya. Bayan kaka in Allah ya kai mu, za mu dinga haɗuwa da sassafe a gonar bayan gidanmu. Mai so ta nemi izini a gida, ta zo da wando da takalmi rufaffe. Hula ina da biyu, za mu yi karɓa-karɓa.

Allah shi tsare mu bisa hanya, shi sa albarka a akwatinmu, shi ba ƙasarmu lafiya. Amin.